Takalman Shiga Fadamar Paris

Shekara ashirin da shida Ramlatou ta yi tana jin labarin Fadamar Paris a bakin mijinta Laouali, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zaton da ƙari a ciki ba. Tela ne shi. Kafin ya aure ta, kafin su zo Greensboro su kama ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood, ya ce ya yi shekara uku yana ɗinki a wata unguwa ta Paris mai suna Fadama. In ya zauna kan kekensa a garejin da ya mayar shago, da wuya ya gama hannun riga ɗaya bai ce "lokacin da nake Fadama" ba.

Ita kuwa 'yar Tibiri ce, a bakin gulbi ta girma, ta san abin da ake kira fadama: laka, kwaɗi, albasa da tumatir. Haka ta ɗauki ta Paris, sai dai ta sa mata Turawa a ciki suna ban ruwa. Wata rana ta tambaye shi abin da ake shukawa a can. Bai ko ɗago kai daga ɗinkin ba ya ce riga da wando. Ta harare shi ta koma kicin, don ta san halinsa na tsokana.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da labarin ba, shi ne Boukari direban tasi. Boukari Bazabarme ne daga Dosso, Laouali kuma Bagobiri, saboda haka wasa ne na gado a tsakaninsu, kowa yana kiran ɗayan bawansa. Duk Lahadi bayan la'asar maza sukan taru a garejin ana dafa shayi, kuma ba a tashi sai an yi rigimar Paris. Boukari ya ce iyakar Bagobiri filin jirgi, a kan benci ya yi shekara ukun yana jiran a kira sunansa. Laouali kuma amsarsa ɗaya ce kullum. Ya ce a saman ƙofar gidan da ya yi aiki akwai wata fuska da aka sassaƙa da dutse, mai sanƙo da kumatu da wushirya, kunne ɗaya ya fi ɗaya, kuma ranar da ya fara ganin Boukari a Greensboro sai da ya gaishe shi da Faransanci, don ya zaci ita ce ta biyo shi. Daga nan sai ya naɗe wando ya nuna tabon da ke ƙwaurinsa na hagu, ya ce ƙarfen gindin ƙofar nan ne ya sare shi yana ɗauke da dilar yadi. Boukari ya ce jaki ne ya harbe shi a Tibiri. A yi dariya, a zuba shayi na biyu.

Ramlatou ba ta taɓa sa baki ba. Ita ma Bagobira ce, tana da ikon ramawa, amma ba ta saba ba. Ta aje gyaɗa a ƙofar gareji ta juya.

Laouali ya rasu a farkon bazara, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ranar sadakar arba'in gidan ya cika har mutane suna tsaye a kan ciyawa. Bayan addu'a Boukari ya yi abin da al'ada ta ɗora wa abokin wasa, ya ce bawansa ya gudu ne kawai don an matsa masa ya nuna Fadamarsa. Mutane suka yi dariya, har da masu hawaye. Ramlatou ta san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma daga bayan labule ta ji wata mata tana cewa Allah ya jiƙan Malam Laouali, akwai daɗin hira, ko da yake yakan ƙara gishiri. Wannan magana ita ta zauna mata a ƙirji. Mutumin da bai taɓa cin yadin kowa ba, yau ba ya nan balle ya naɗe wando ya nuna tabonsa, kuma haka za a riƙa tuna shi, mai ƙara gishiri.

Bayan ta fita takaba sai ga gayyatar biki: ɗiyar ƙanwarta za ta yi aure a wani gari da ke gefen Paris. Houda, ɗiyarta tilo, wadda ke aikin jinya, ta ce za ta ɗauki hutu su je tare, ko uwar ta sha iska. Ramlatou ba ta yi musu ba. Ta ce sharaɗinta ɗaya, a ware mata yini guda ta shiga Fadama.

Tana da wasu dogayen takalman roba kore waɗanda take shiga lambunta na bayan gida da su, inda take shuka yakuwa da kuɓewa. A wani kantin kayan gona na hanyar Pleasant Garden Laouali ya saya mata su. Ta wanke su tas, ta shanya, amma suka ƙi shiga akwati saboda turamen biki, sai ta zuba su a leda ta riƙe a hannu. Boukari ne ya kai su filin jirgi. Da ya ga ledar ya tambaya, Houda ta faɗa masa tana ɓoye fuska. Ya yi dariya har sai da motar baya ta yi masa hon.

"Matar bawana, in kin samu laka ki ɗebo mini a kwalba," ya ce. "Zan shafa wa tasi albarka."

Ramlatou ta juya ta dubi taga.

An yi biki lafiya, an ci an sha, an yi rawa har ƙafa ta kumbura. Ango, wani yaro mai ladabi ana ce masa Amadou, shi Ramlatou ta tare a gefe ta tambaya ko ya san Fadama. Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce fadama da Faransanci ita ce mare, kuma lalle akwai tsohuwar unguwa a tsakiyar Paris mai wannan suna, Mare, ba shakka ita marigayi yake nufi. Kafin ya ƙara wani bayani abokansa suka ja shi wajen hoto. Ramlatou ta koma kujerarta zuciya fari ƙal. Ashe dai akwai.

Ranar da za su je ta sa atamfarta shuɗiya da babban mayafi, ta zura takalman roba. Houda ta buɗe waya ta nuna mata hotunan unguwar, duk gidaje ne da tituna, ta roƙe ta da Turanci da Hausa a haɗe ta sa takalmin kirki. Ramlatou ta ce masu hoto bakin gari suke tsayawa, wa ya taɓa ganin an shiga cikin laka da kyamara. Haka suka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, takalma suna ƙara ƙwas ƙwas a kan matakala.

Da suka fito ta ja hanci tana neman ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta ji na burodi da turare. Ta ce su ƙara gaba. Titunan matsattsu ne, an shimfiɗa musu duwatsu, gidajen dogaye, tsofaffi, masu manyan ƙofofin katako da raƙumi zai shiga da kayansa. A ƙasan kowane gida shago ne. Wani shagon takalmi ɗaya tak aka aje a bayan gilashi, an haska masa fitila, ta ce wa Houda mai wannan shago ya kusa rufewa, Allah ya kawo masa kaya. Masu shan kofi a bakin titi duk sun jera kujeru suna fuskantar waje ɗaya kamar masu kallon kokawa, alhali ba abin da ke wucewa sai mutane da ƙananan karnuka masu riga. A wani lungu suka tarar da dogon layi, suka bi don su ga abin da ake rabo. Ashe ƙosai ne ake cusawa cikin burodi da ganye. Ramlatou ta cinye nata duka, ta ce ba laifi, amma mai suyar tana tsoron barkono.

Suna tsaye tana goge hannu sai wata budurwa siririya mai baƙin tabarau ta tsaya a gabanta, ta dubi takalman, ta dubi atamfar, ta rufe baki da hannu. Ramlatou ta gyara tsayuwa, a shirye take in raini ne. Yarinyar ta yi magana da Turanci, Houda ta fassara tana danne dariya: wai haɗin ya yi matuƙar kyau, ina aka samo takalman? Ramlatou ta ce Greensboro. Yarinyar ta sa aka maimaita mata, ta rubuta a waya harafi harafi, ta tambaya ko suna da shago a Paris. Daga nan Ramlatou ta riƙa taka ƙafa da ƙarfi, ta ce wa ɗiyarta ai ga shi, wanda ya san kaya ya gani.

Amma azahar ta yi ba su ga ko kududdufi ba. Sun bi titi sun dawo, sun shiga wani sun fito a inda suka faro. A ƙarshe suka faɗa wani fili mai kusurwa huɗu, gidajen jan bulo sun kewaye shi, mutane kwance a kan ciyawa. Ruwan da ke wurin kawai na famfon ado ne. Ramlatou ta zauna a benci ta dubi takalmanta, ko ƙura ba su ɗauka ba. In babu fadama, to ina fuskar dutsen? In babu fuskar, tabon fa? Ita ta riƙa shafa masa mai a ƙafar nan a kwanakin jinya, ta san tabon kamar yadda ta san tafin hannunta. Ta tuna matar bayan labule, ta ji kamar tana zaune kusa da ita a bencin.

Houda ta ga yadda fuskar uwar ta canza, sai ta kira Amadou ta sa wayar a fili. Da ya ji abin da Tanti Ramlatou take nema, da irin takalman da ta sa, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai ƙarasa bayani ba. Fadama ce da gaske a zamanin da, in ji shi, amma an busar da ita tun ɗaruruwan shekaru, aka yi gini a kai, suna ne kawai ya rage. Ya ƙara da cewa a da akwai ɗakunan ɗinki da yawa a wannan gefen, baƙi ne ke aiki a ciki, kafin masu turare da masu tabarau su karɓe wurin.

Ramlatou ta sake duban takalmanta. Can sai ta ce a hankali, "Riga da wando."

Houda ta tambaya me ta ce.

"Babanki. Na tambaye shi abin da ake shukawa, ya ce riga da wando. Gaskiya ya faɗa mini, ja'irin, ya bar ni shekara ashirin da shida ina sa masa kwaɗi a ciki."

Ta fara dariya, dariyar ta zo da hawaye, ta share da gefen mayafi ta miƙe. Ta ce tunda ba laka za a duba ba, sai a ɗaga kai sama.

Nan wahala ta dawo sabuwa, don kusan kowace babbar ƙofa da fuskarta. Ga mata masu kitso, ga zakuna, ga tsofaffi masu gemu har ƙirji. Ramlatou ta riƙa ba su suna tana wucewa: wannan limamin unguwar Sedgefield ne, waccan matar mai kantin nama ce ranar da aka taya mata kaza. Kuma kowace ƙofa da ƙarfe ko dutse a gindinta, hagu da dama, duk daidai ƙwaurin mutum. Wuyanta ya ƙage. Houda, wadda ta sa fararen takalma na yadi, ta fara cewa ƙila an rushe gidan, ko an sake masa fuska, su koma kafin jirgin ƙasa ya cika.

Ba su lura da hadari ba, don a irin waɗannan tituna sama 'yar siririya ce. Suna cikin wani lungu mai lanƙwasa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Nan take masu kofi suka kwashi kofuna, masu karnuka suka sungumi karnuka, kowa ya manne a jikin bango yana ɗage ƙafa. Tsakiyar lungun ta zama ƙorama. Houda ta ja uwarta suka fake a ƙarƙashin wata babbar ƙofa mai launin ganye, ita Houda tana kallon takalmanta da suka riga suka jiƙe.

Ramlatou ta dubi ruwan da ke gudu a kan duwatsu, ta dubi ƙafarta. Tun daga Glenwood ta ɗauko takalman nan, ba za ta mayar da su a bushe ba. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta taka zuwa tsakiyar titi, ruwa yana dukan robar har idon sawu. Mutanen da ke fake suka zuba mata ido, wani tsoho ya ɗaga mata hula. Ta juyo don ta ce wa Houda ga fadamar ta dawo, sai maganar ta tsaya mata a baki.

A saman ƙofar da ɗiyarta ke tsaye, inda wanda ke gefen titi ba zai taɓa gani ba, ga Boukari. Sanƙon nan, kumatun nan kamar ya cika baki da goro, wushirya a tsakiyar haƙora, kunnen dama ya baje ya fi na hagu. Ruwa yana bin goshinsa yana ɗiga ta kan hanci, daidai yadda Boukari ke yi in ya ci yajin Ramlatou yana rantsuwa bai ji kome ba.

Ta ɗaga hannu ta yafito Houda. Yarinyar ta fito cikin ruwan da fararen takalmanta, ta ɗaga kai, ta ce "Tonton Boukari" da wata irin murya, sannan ta durƙushe a tsakiyar titi tana dariya. Sai da ta yi hoto ya fi ashirin. Ramlatou kuwa ta koma gindin ƙofar. Ƙarfen yana nan a hagu, baƙi, a murɗe kamar katantanwa, bakinsa da kaifi. Ta tsuguna ta auna da hannu daga ƙasa, taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Ta san inda wannan awo yake kaiwa a ƙafar mutum mai tsawon Laouali. Ta bar tafinta a kan ƙarfen, mai sanyi, har ruwan ya tsagaita. A cikin gidan yanzu kyandir mai ƙanshi ake sayarwa. Ba ta shiga ba.

Da suka dawo Greensboro Boukari ne ya ɗauko su. Ya tambayi kwalbar lakarsa, Ramlatou ta ce gajiya ta yi mata yawa, ya zo ranar Lahadi. Tun rasuwar ba a sake buɗe garejin ba. Boukari kan zo ya yanke mata ciyawa ya tafi, ko ƙofar ba ya kallo. Ta sa Houda ta kai hoton aka wanke shi babba, ta share garejin, ta yafa wa keken ɗinki ƙyalle, ta aika wa duk masu shan shayin da, har da matansu, har da matar bayan labule.

Bayan la'asar aka taru, kowa yana ɗan ɗari-ɗari da kujerar Laouali. Da aka zuba shayi na farko Ramlatou ta shigo da gyaɗa, amma yau ba ta juya ba. Ta jingina hoton a jikin keke ta cire takardar da ta rufe shi.

Kowa ya zuba wa hoton ido. Sannan wani ya fesar da shayinsa. Boukari ya matso ya duba, ya ja baya ya duba. Ya ce wannan ba shi ba ne, kunnensa bai kai haka ba. Don ya tabbatar musu sai ya cire hularsa ya tsaya kusa da hoton, abin da ya ƙarasa kashe mutane ke nan, har limamin da aka zo da shi ya riƙe ciki. Houda ta nuna musu hoton ƙarfen, uwarta ta faɗi awonsa, taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Matar bayan labule ta ce Allah mai iko, ashe duk gaskiya ne.

Boukari ya yi dariya tare da su, amma tasa ta riga ta kowa ƙarewa. Ya mayar da hula ya fita bayan gida, ya daɗe a tsaye yana duban kuɓewa kamar an ba shi aikin ƙirga ta. Ba wanda ya bi shi. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya zauna, ya karɓi shayi na biyu, ya ce wa jama'a su shaida, bawansa ya je Fadama, kuma ba jaki ne ya harbe shi ba. Ya roƙi a ba shi ƙaramin hoton ya sa a tasi.

Ramlatou tana tsaye a bakin ƙofa da farantin gyaɗa. Ta ji bakinta ya buɗe tun kafin ta yi shawara.

"Bawan wa? Mu Gobirawa muka kafe ka a kan ƙofa kana mana gadi shekara ɗari uku, ruwa yana dukanka. Na je na duba aikinka, na tarar kana barci da baki buɗe."

Garejin ya sake ɗaukar dariya. Boukari ya aje kofi a hankali, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya gyara zama irin wanda yake yi in zai fara da Laouali. Ya ce to, matar da ta tsallaka teku da takalman ban ruwa don ta je kasuwar turare, ita ce za ta yi masa maganar barci?

Ramlatou ta jawo kujerar mijinta ta zauna, ta ce a zuba mata shayi, amsar tana da tsawo.